Muhawarar Kelsus da Orijen a Kan Wahayi



'Yan'uwa, a kwanakin nan na shiga karatun wata tsohuwar muhawara da aka yi ƙarnoni kafin aiko Manzon Allah (SAW), sai na ga ya dace in kawo muku ita.

Wajen shekara ta 178 Miladiyya, wani masanin falsafa mai bin addinin gumaka, Kelsus, ya rubuta littafi da Girkanci yana sukar Kiristoci. Daga cikin hujjojinsa akwai cewa Kiristoci suna raina abin da bokanyar gunki Afolo take faɗa a Delfi ta ƙasar Girka, alhali suna girmama maganar annabawan Bani Isra'ila. Ya ce shi da kansa ya ga masu da'awar annabci suna yawo a Finikiya da Falasɗinu, suna furta kalmomi marasa kan gado waɗanda kowane mayaudari zai fassara yadda ya so, kuma da ya matsa musu sai suka amsa cewa ƙirƙira suke yi.

Bayan kimanin shekara 70, wajen 248, malamin Kirista Orijen, haifaffen Iskandariyya mazaunin Kaisariyya, ya mayar masa da martani cikin juzu'i 8. Littafin Kelsus ya ɓace. Abin da muka sani game da shi daga bakin Orijen ne, domin ya riƙa kawo maganar abokin hamayyarsa kafin ya amsa ta.

Orijen bai musanta cewa wani abu na shiga bokanyar Delfi ba, amma ya ce shaiɗani ne. Hujjarsa ita ce hankalinta gushewa yake yi idan abin ya zo mata. Shi kuwa ruhin da ya zo daga Allah, in ji shi, ƙara wa hankali haske yake yi, kuma wanda ya sauko wa shi ne farkon mai amfana da shi, ta tsarkin hali da juriya a kan gaskiya. Shi kansa Orijen an ɗaure shi an azabtar da shi a zamanin sarki Desiyus, wajen 250, bai bar addininsa ba.

A matsayina na Musulmi ban yarda da aƙidar Orijen game da Annabi Isa (AS) ba. Sai dai ma'aunin nasa ya tuna mini da Ƙuraishawa, waɗanda suka kira Manzo (SAW) boka, mahaukaci, mawaƙi, alhali sun shekara 40 suna shaidar hankalinsa da amanarsa.

Wahayin annabci ya ƙare da Manzo (SAW), amma masu da'awar mafarki da ilhami ba su ƙare ba. Duk wanda ya zo mana da irin wannan, mu ɗora maganarsa a kan Alƙur'ani da Sunna, sannan mu dubi hankalinsa da halinsa da abin da yake nema a aljihunmu.

Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon bin ta. Wassalam.