Hadimin kwamfuta

hadimin kwamfuta (suna, namiji, jam'i: hadiman kwamfuta). Manhaja ce wadda, da zarar an kunna na'ura, take tashi a ɓoye, ta dawwama tana sauraron umarnin da ke isowa daga nesa ta hanyar sadarwa, domin ta girka wasu manhajoji, ko ta sabunta su, ko ta kawar da su, bayan ta tabbatar da izinin mai umarni da sahihancin hatimin kowane ƙunshi. Misali: Daga ofishinsa na Durumi, Abuja, injiniya ya umarci hadiman kwamfutocin reshen Kano su sabunta manhajojinsu kafin asuba. A tsarin Debian, hadimin kan ɗora wannan hidima a kan manhajar APT, wadda ta fara fitowa a 1998.