Gawo da doka: tarihin itatuwan gona a kudancin Nijar

Wanda ya kwatanta hotunan sama na ƙasar Magariya da Matamai, na 1975 da na bayan 2000, zai ga gonakin da suke fili fetal sun cika da itatuwa, alhali jama'a ta ninka. An saba cewa yawan mutane shi ke cinye daji. A nan ba haka ta kasance ba, kuma a ganinmu ba a fahimtar dalili sai an bi tarihin tambaya ɗaya: iccen da ke tsaye cikin gona, na wane ne?

Mu fara da gawo. Halinsa ya saɓa wa na sauran itatuwa: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Saboda haka ba ya tsare wa hatsi rana lokacin da yake bukatarta. Ganyen da ya zuba taki ne, saiwoyinsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, ƴaƴansa kuwa abincin bisashe ne a watannin da ciyawa ta ƙare. Dabbobin da ke kwana a inuwarsa su ma suna barin taki, kuma cikin kashinsu ne irinsa ke yaɗuwa. Manomi bai jira masanan aikin gona ba kafin ya lura hatsin gindin gawo ya fi na fili zangarniya. A Damagaram har yanzu ana ba da labarin cewa Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya hana saran gawo, yana hukunta mai sara da tsanani. Labarin baka ne, ya kamata a riƙe shi da hankali, amma yana nuna darajar iccen a ƙarni na 19.

Turawan Faransa su ma sun hana, sai dai ta wata fuska. Dokar daji ta 4 ga Yuli 1935, wadda ta shafi dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu, ta sa daji ƙarƙashin hukuma, ta kuma keɓe wasu itatuwa da ba a sara sai da izini. Bayan samun ƴancin kai, dokar Nijar ta 1974 ta bi wannan sawu. A takarda kariya ce. A gona kuwa, mutum na iya biyan tara don ya sare reshen iccen da ya tsiro a gonar ubansa. To, mai hankali sai ya cire tsiron tun yana ƙarami, kafin ma'aikacin gandun daji ya gan shi. Haka doka ta zama sanadin abin da aka kafa ta don ta hana.

Fasahar noma ta ƙara nata. Noman gujiya don sayarwa da garmar shanu suna son gona marar kututture, malaman gona kuma suka riƙa koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas. Da farin 1968 zuwa 1974 ya zo, ya iske ƙasa tsirara. Iska na binne shuka da rairayi, mata na yin doguwar tafiya neman itacen girki, wasu na dafa tuwo da kara da kashin shanu.

Maganin farko da aka nema shi ne dashe. An samu nasara a kwarin Majiya, cikin jahar Tawa, inda aka fara jera dogon yaro don tare iska tun 1975. A wurare da yawa kuwa dashen ya mutu, don babu mai shi balle mai ban ruwa. Taron ƙasa kan yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi cikin watan Mayu 1984 ya amince cewa aikin ba ya yiwuwa sai da talakawa.

A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aiki a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan kurmin sabara da kalgo da ake sassabewa kowace shekara tohon kututture ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. In an zaɓi rassa kaɗan aka bari, aka datse saura, cikin ƴan shekaru sun zama icce. Shi ne ake kira sassaben zamani. Ana yawan ba da labarin kamar daga nan komai ya faro. Wannan ya yi wa manoman Damagaram rashin adalci, domin a kudancin jaharsu, inda gawo ya fi yawa, mutane sun koma renon tsiro ba tare da wani babban shiri daga waje ba.

Abin da ya haɗa wuraren biyu shi ne sassaucin hannun hukuma. Rashin kuɗin gwamnati a shekarun 1980 da sauyin siyasa na farkon 1990 sun rage sintirin ma'aikatan daji. Ƙa'idojin dokar karkara na 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara wa mazauna karkara haƙƙi kan albarkatun ƙasarsu. Manomi ya fara ɗaukar icce kamar akuyarsa. Binciken Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan a shekarun 2000 ya ƙiyasta hekta wajen miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Ruwan sama ya ɗan ƙaru bayan 1984, gaskiya ne, amma bai isa bayani ba: hotunan sun nuna itatuwan sun fi yawa cikin gonaki kusa da garuruwa, ba cikin dajin da babu mai shi ba.