Daga Ɗakin Wundt Zuwa Ajinmu

Mu da muke koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a, da shekarar 1879 muke buɗe darasin 'yan aji ɗaya. A shekarar ne Wilhelm Wundt ya keɓe ɗaki a Jami'ar Leipzig ta ƙasar Jamus don auna ayyukan hankali. Kafin nan zancen tunani na masana falsafa ne, kowa da ra'ayinsa. Wundt ya kawo agogo mai ƙirga kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ya sa ɗalibai su danna maballi da zarar sun ji ƙara, a rubuta tsawon lokacin da suka ɗauka. Aiki ne mai gundura, amma shi ya raba fagenmu da cacar baki.

Ni dai Hermann Ebbinghaus ya fi burge ni. Ba shi da ɗakin gwaji, ba shi da ɗalibai, sai ya mai da kansa abin gwaji. Ya yi ta haddace gaɓoɓi marasa ma'ana yana auna abin da ya zube masa, har ya fitar da littafinsa a 1885. Ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, daga baya ta lafa, kuma maimaici a rarrabe ya fi na zama ɗaya kamawa. Duk gardin da ke tilawa da asuba ya san haka a aikace. Abin da Ebbinghaus ya ƙara shi ne alƙaluma.

Daga Jamus fagen ya ƙaura Amurka. G. Stanley Hall ya buɗe ɗakin gwaji a Jami'ar Johns Hopkins a 1883. A 1913 John Watson ya ce a bar zancen abin da ke cikin zuciya, a auna abin da ido ke gani, sai ɓeraye da tattabaru suka cika ɗakunan gwaji shekara da shekaru. Zuwan kwamfuta ya dawo da masu bincike kan tunani, kuma a 1956 George Miller ya rubuta cewa mutum kan riƙe abu kamar bakwai a ka lokaci guda.

A Nijeriya, Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen wannan ilimi a 1964. Littattafai mun gada, ɗakin gwaji kuwa sai a 'yan wurare. Ɗalibi kan gama digiri ya san sunan kowane Bature, amma takardar tambayoyi kawai ya taɓa rabawa. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya, musamman da yake littattafan su ma sun girgiza. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa suka jawo hankali cewa kashi 96 cikin 100 na waɗanda ake gwaji a kansu daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na mutanen duniya suka fito. A 2015 kuma ƙungiyar masu bincike ƙarƙashin Brian Nosek ta sake gwaje-gwaje 100 da manyan mujallu suka buga, waɗanda suka tabbata ba su kai rabi ba.

Ko bakwai ɗin Miller ba ta kowa ba ce. Bincike ya nuna masu jin Sinanci sun fi masu jin Ingilishi riƙe jerin lambobi, saboda sunayen lambobinsu gajeru ne, baki na saurin maimaita su. To mai cewa biyar, bakwai, takwas fa, nawa zai riƙe? Gwada wannan ba ya bukatar komai sai wayar hannu, takarda da aji guda.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana malamai: kada mu yaye ɗalibi sai ya tsara gwaji da kansa, ya gudanar da shi da Hausa, ya kuma rubuta sakamakon ko da ya saɓa wa littafi.