Rigata: Haruffa Shida, Asali Uku

Bahaushen Kano ko na Katsina, in ya ga an rubuta "rigata", tufa ce za ta faɗo masa a rai, wato rigarsa ta sawa. Mutumin Yauri kuwa sai ya duba abin da ke gaba da abin da ke baya tukuna, domin a wurinsa haruffan nan shida suna iya zama sunan bikin ruwan da ake yi a bakin Kwara a Yelwa, ranar da jirage ke cika kogi da kiɗa da tsere. Akwai kuma ta uku, wadda 'yar tazara kaɗai ta raba ta da sauran: "ya riga ta", wato ya kai kafin ta kai. Biyu daga cikinsu 'yan gida ne, ɗaya baƙuwa ce da ta sha doguwar tafiya kafin ta iso Yauri. Kuma ba a bakin mutane suka yi kama ba, a takarda ne.

Mu fara da baƙuwar. Mahaifarta birnin Benis ne na ƙasar Italiya, garin da aka gina a kan tsibirai, inda mashigan ruwa suka zama tituna, kwalekwale ya zama abin hawa. Tun ɗaruruwan shekaru matuƙan garin ke tseren jirage, suna kiran tseren regata, kuma har yau suna yin babban bikinsa a ranar Lahadin farko ta watan Satumba. Masana asalin kalmomi sun fi karkata ga cewa sunan ya fito ne daga wani fi'ili na harshen mutanen garin mai ma'anar gasa ko jayayya. Matafiyan Ingila suka je suka gani, suka ɗauko kalmar a tsakiyar ƙarni na 17, suka ƙara mata harafi suna rubuta regatta. Da farko tseren Benis kaɗai take nufi a wurinsu. A 1775 aka shirya irinsa a kogin Tems na Landan, a 1839 kuma aka kafa na garin Henli, wanda ya zama taron manya da 'ya'yan manya. Daga nan kalmar ta bi Turawan mulki duk inda suka sami ruwa mai faɗi da talakawa masu jirage.

Akwai abin lura a yadda ta shigo bakinmu. Bature yana rubuta "re" a farko da "t" biyu a tsakiya, amma in zai faɗa, "ri" yake cewa, kuma "t" ɗaya ake ji. Hausa tana da baƙi mai ruɓi, muna cewa "hatta" ba tare da wahala ba, saboda haka da a littafi aka tsinci kalmar, da "regatta" za a riƙa cewa da nauyinta. Ba haka aka yi ba. Da kunne aka karɓe ta, daga bakin joji ko di'o zuwa kunnen tafinta da dogari da sarkin jirgi, kamar yadda aka karɓi asibiti da makaniki. Ta haka ta koma da "t" ɗaya, kamar yadda masu ita na asali suke rubutawa.

Ba ita kaɗai ta biyo wannan hanya ba. Hawan dawaki na sarakuna ya daɗe a ƙasar Hausa kafin Nasara ya zo, amma da Turawa suka so a tara musu sarakuna wuri ɗaya, kamar wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, sai suka kira taron da sunan da suka sani a Indiya, kalmar Farisa mai nufin fadar sarki. Bahaushe ya ji, ya ce "daba". Ita ma ta tarar da mai irin haruffanta a gida, wato dabar 'yan farauta da 'yan tauri, wadda daga baya ta haifi 'yan daba. A bikin FESTAC na 1977 an jera su biyun: hawan daba a Kaduna, tseren jirage a Legas. Dukansu abin na gida ne, sunan ne na aro.

Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe, domin wanda ya gano cewa sunan Rigata daga Turanci yake, yana iya zaton bikin ma Bature ne ya kawo shi. Sam. Masarautar Yauri, wadda labarun gargajiya suka lissafa cikin Banza Bakwai, ƙasar kogi ce tun fil'azal. Ƙananan hukumominta uku na yau, Yauri da Ngaski da Shanga, duk suna shan ruwan Kwara. A tsibiran tsakiyar kogin akwai mutanen da Hausawa suka kira Gungawa, domin a nan gungu na nufin tsibiri, ba taron jama'a kaɗai ba. Manoma ne na gaske, sun shahara da albasa da noman bakin ruwa, kuma jirgi ne ƙafarsu. Kusa da su akwai Shangawa, masu harshe daga dangin Mande, da Kambari a ɓangaren Ngaski, da Lopawa, sai kuma Sarkawa masunta da suka gangaro daga Kabi. Su ma Sarkawa sunansu yana ruɗar mutane, ana jin kamar daga "sarki" ya fito, alhali tushensa Sorko ne, masuntan Songhai na can saman kogi.

Ƙarfin sarautar Yauri ya dogara ƙwarai da waɗannan masu jirage. Da Mungo Park ya gangaro kogin a 1806, ya ratsa Yauri kafin ya halaka a duwatsun Bussa, kuma a 1830 Richard Lander da ƙanensa John sun zo har wurin Sarkin Yauri suna neman takardunsa. A tsakiyar ƙarni na 19, da rikicin sarauta ya yi tsanani, fada ta bar Bin Yauri ta fake a gungun Ikum, sai a 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya zauna a Yelwa. Sarkin da ke fakewa a tsibiri, rayuwarsa tana hannun mai filafili. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya rubuta tarihin rawar da Hausawa suka taka a Afirka ta Yamma, da binciken Yaurin ƙarni na 19 ya soma aikinsa.

Abin da mutanen Yauri suke bayarwa game da asalin bikin shi ne, ya kai shekara ɗari biyu, kuma daga farautar dorina ya samo tushe. Dorina takan fito da dare ta cinye gona, ta kife jirgi in ta fusata. Jaruman Gungawa sukan haɗu a jirage manya da ƙanana, da makamansu, su far mata a tsakiyar ruwa. Aiki ne da ba ya yiwuwa sai matuƙa sun zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya, shi ya sa fitar ta zama makarantar samari, kuma nunin ƙarfi ga duk maƙwabcin da ke da wata niyya. Da Turawa suka hana kashe dorina, gwanintar ba ta mutu ba, ta koma abin ƙawa a bukukuwan auren manyan gidaje. Daga baya, lokacin da Firimiyan Arewa Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato ya kai ziyara Yelwa, aka shirya masa wasan ruwan tare da nunin amfanin gona. A yau masarauta, ƙarƙashin Sarkin Yauri Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, da gwamnatin jihar Kebbi ne ke ɗaukar nauyinsa, ana tseren jirage da ninkaya da nutso da kaɗe-kaɗen ƙabilun masarautar.

To, yaya aka yi wannan suna ya zo ya yi daidai da rigar sawa? A baki ba daidai suke ba. Mai cewa "rigata" da nufin rigarsa yana jan "ri" ɗin farko, yana jan "ga", yana jan "ta". Mai cewa "ya riga ta" ba ya jan "ri". Karin sautinsu ma, hawa da saukar murya, kowace da nata. Yaro ɗan shekara biyar ba ya rikita su. Malamin ajami ma ba ya rikita su, domin in zai rubuta riga, bayan ya sa wa "ra" wasali ƙasa sai ya bi ta da "ya" don nuna ja. Rubutun boko ne ya shafe bambancin, kuma da gangan aka yi.

Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, a 1912 kuma ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan Rumawa. Tsarinsa bai nuna dogon wasali ba, bai nuna karin sauti ba. Ba don ba a gane suna nan ba ne aka ci gaba a haka: ƙamusun Bargery na 1934 ya nuna tsawon wasali da karin kowace kalma, na Abraham na 1949 ma haka. Amma ofishin talifi na Zariya, ƙarƙashin Rupert East, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, sun tsaya a kan rubutu mara ɗigo mara zane a kan wasula. Abin da aka ga ba makawa sai an raba shi ne baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, don kada kogin Kwara ya zama ƙwarar hatsi. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta bi wannan layi. Bayan taron Bamako na 1966, a Nijar an ɗan jarraba ninka wasali don nuna ja, amma taron daidaita rubutu da aka yi a Yamai a 1980 ya kusanto da ƙasashen biyu, aka dawo kan wasali guda. Cikin ƙa'idojin da suka zauna har da wadda ta ce wakilin suna na mallaka a haɗe yake da abin da aka mallaka, wanda aiki ya faɗa wa kuwa a rabe. Ita ce ta sa "rigata" ta haɗe, "riga ta" ta rabu, ko da yake a Facebook yau kowa yana yanka inda wuƙarsa ta faɗa.

A ganina waɗanda suka yi wannan zaɓi ba su yi kuskure ba. Mai harshe yana cike gurbin da kansa. Ya san garin da ake zama da garin da ake tuwo, ya san farin yadi da farin da ke cinye gero da farin da ke hana ruwan sama, kuma da an ɗora wa kowane wasali alama, da yaƙi da jahilci ya fi haka wuya. Inda tsarin ke da rauni shi ne sunaye da kalmomin aro, domin a nan mai karatu na nesa ba shi da abin dogara sai harafin farko, babba ne ko ƙarami.

Misalin da ya fi damuna yana jikin masu bikin kansu. Gungawa suna ne da Hausawa suka ba su. Su a bakinsu Reshe ne, jama'arsu Bareshe, harshensu Tsureshe, ɗaya daga cikin harsunan da masana suka haɗa a rukunin da suka raɗa wa sunan Kainji. Bahaushe in ya ga "Reshe" a rubuce, reshen itace zai tuna, ko reshen banki, har ya ɗauka ana nufin su wani ɓangare ne da ya tsiro daga jikin wasu. Babu abin da ya haɗa kalmomin biyu sai haruffa. Mutanen nan suna cikin mafi daɗewa a wannan yanki na kogi.

Sunan da Hausawa suka ba su ma ruwa ya ci ma'anarsa. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Tafkin da ya taru a bayanta ya miƙe fiye da kilomita 130, har zuwa wajejen Yelwa. Kimanin mutum 44,000 aka tayar daga gidajensu, tsohuwar Bussa ta nutse, aka gina sabuwa, yawancin gungayen da ke cikin tafkin suka shige ƙarƙashin ruwa. Aka mayar da mazaunansu ƙauyukan da gwamnati ta gina a gaɓa, kusa da hanya da kasuwa da makaranta, inda Hausa ce harshen ciniki da karatu da wa'azi. Tun kafin madatsar Gungawa suna komawa Hausawa a hankali, su zama Yaurawa. Masanin al'adu Frank Salamone ya yi rubutu a kan wannan sauyi a shekarun 1970. Tashin da madatsar ta jawo ya ƙara wa abin sauri. P. G. Harris, jami'in mulkin mallaka da ya rubuta bayanai a kan Yauri a 1930, ya kuma tattara wani abu na harshen Reshe a 1946, kuma masana harshe sun ƙara a kai daga baya, amma aikin da ya rage ya fi wanda aka yi yawa.

Bikin da ake yi duk shekara dama ce ta yin wannan aiki. Tsofaffin matuƙa suna hallara, makaɗa suna hallara, ɗaliban harshe na jami'o'in Sakkwato da Birnin Kebbi ba su da nisa. A zauna da dattawan Bareshe a tambaye su sunan kowane irin jirgi, da sunan kowane makami na farautar dorina, da kiran da shugaban matuƙa ke yi in yana so a juya, da abin da kakanninsu ke ce wa wannan fita tun ba a ji kalmar Benis a bakin Kwara ba. A ɗauki muryarsu a na'ura, sannan a rubuta da alamun ja da na kari a kan kowane wasali, domin wanda zai karanta nan da shekara hamsin mai yiwuwa bai taɓa jin harshen a bakin kakarsa ba, ba zai iya cike gurbin da kansa ba.