Kujera Ta Fi Mai Zama a Kanta

Ran 23 ga Nuwamba 2009 aka tafi da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa asibiti a Jidda, bai bar wa Majalisa takardar miƙa mulki ba. Kwana 78 ba mai riƙe da akalar ƙasa. Mu mazauna Kudu mun ji a jikinmu, don in jita-jita ta tashi a kasuwa, mu ake fara kallo.

'Yan adawa suka yi ca, su Wole Soyinka suka yi zanga-zanga a Abuja. Masu hankalin cikinsu doka suka ce a bi, wasu ko suka ɓuge da yi wa mara lafiya ba'a. Ran 9 ga Fabrairu 2010 Majalisa ta naɗa Goodluck Jonathan muƙaddashi, daga baya aka gyara sashe na 145 na tsarin mulki. Shi ya sa da Buhari zai tafi jinya Landan a 2017, takarda ya rubuta, Osinbajo ya riƙe, ƙasa ta zauna lafiya.

To jama'a, masu neman doka ne suka bar mana abin amfani. Me masu zagi suka bari?