Daga kwalbar wani likita zuwa kejin gizo-gizo: tarihin akwatin gilashi mai tsiro

1/ Jama'a, masu kallon TikTok da YouTube kun sha ganin masu kiwon tarantula, wannan ƙaton gizo-gizo mai gashi, suna dasa tsirrai a akwatin gilashinsa har ya koma kamar ƙaramin daji. Yau zan ba ku asalin akwatin nan. Tarihinsa ya taɓa shayin da kuke sha da tayar motar da kuke hawa. 🧵

2/ A 1829, wani likita a gabashin Landan mai suna Nathaniel Bagshaw Ward yana son shuka, amma hayaƙin kwal na kashe masa duk abin da ya dasa. Wata rana ya sa tsutsar malam-buɗe-littafin dare a kwalba da 'yar danyar ƙasa, ya rufe, yana jiran ta ƙyanƙyashe.

3/ Sai ga ciyawa da wani tsiro mai ganye kamar gashin tsuntsu sun fito a ciki. Da rana ruwan ƙasar ya tashi ya zama tururi, ya taru a jikin gilashi, ya gangaro ya koma ƙasa. Hayaƙi bai shiga ba, ruwa bai fita ba. Tsiron ya yi kusan shekara 4 ba a ba shi ruwa ba.

4/ A 1833 Ward ya sa aka ƙera akwati biyu na katako da gilashi, ya cika su da tsirrai, ya tura Sidni ta Ostireliya a jirgin ruwa. Sun isa lafiya. Aka sake cika su da tsirran can, suka dawo Landan a 1834 da ransu. Kafin nan, gishirin teku da ƙarancin ruwan sha ne ke kashe yawancin tsirrai a hanya.

5/ A 1842 ya fitar da littafi kan dabarar. A 1845 Ingila ta soke harajin gilashi, farashi ya sauka, akwatin ya shiga falon masu hali. Amma fa ba a ado ya tsaya ba.

6/ A 1848 kamfanin East India Company ya tura Robert Fortune ƙasar Sin. Ya yi shigar 'yan ƙasa, ya shiga yankunan da aka hana baƙi, ya kwaso dubban tsirran shayi da iri a irin wannan akwati zuwa Indiya, har da ƙwararrun masu sarrafa ganyen.

7/ A 1876 Henry Wickham ya kwashi irin roba kusan 70,000 daga Brazil zuwa lambun Kew. Ƙasa da 3,000 suka tsiro, aka loda mafi yawansu a akwatunan Ward zuwa Sri Lanka. Zuwa 1913 robar gonakin Asiya ta wuce ta Brazil, kasuwar Amazon ta durƙushe.

8/ Ga inda abin ya shafe mu. A 1854 William Baikie ya hau Neja da Binuwai yana ba mutanensa kwinin, ba wanda zazzaɓi ya kashe. Turawa suka gane maganin ne mabuɗin shiga. Bishiyar da ake samun kwinin kuwa a tsaunukan Kudancin Amurka take, aka ɗebe ta a waɗannan akwatuna zuwa Indiya da Indonesiya. Magani ya yi arha, shiga Afirka ta yi sauƙi.

9/ Shi ya sa ni ba na kallon akwatin a matsayin kayan ado kawai. Dabarar likitan mai kyau ce, amma waɗanda aka kwashe wa tsirrai ba su ci ribarta ba.

10/ To, mu dawo kan gizo. Akwatin Ward don tsiro aka yi shi, kuma a toshe yake. Tarantula kuwa tana buƙatar iska. Masu kiwon nau'in Avicularia, masu zama a bishiya, sun san jiƙaƙƙen keji mara iska na kashe su. Ita kuma Grammostola rosea ta Chile busasshiyar ƙasa take so, ban ruwan tsiro takura ne a gare ta.

11/ Tsiro na son haske, ita tana gudunsa. Tana haƙa rami ta tumɓuke saiwa, ta lulluɓe ganye da saƙa. Don haka masu kiwo ke zaɓar tsiro mai jure inuwa irin su pothos, su wanke shi tas saboda maganin ƙwari, wanda ke kashe gizo ma.

12/ Dabbar kanta ba ta tsira daga kwasa ba. Yawan kamo tarantular Mekziko daga daji don sayarwa ya sa aka saka dukkan jinsin Brachypelma ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ba a fitar da su sai da izini.

13/ In ka ga irin bidiyon nan gobe, ka duba abu biyu: akwai ƙofofin iska a kejin? Kuma a hannu aka ƙyanƙyashe gizon, ko daga daji aka kamo shi? Wanda ke kiwo a cikinku, ya faɗa mana wane tsiro ne ya rayu a nasa kejin. 👇🏾