Layin Dogo Ya Bi Ta Gwada: Tarihin Jirgin Ƙasa da Abin da Ya Rage Mana a Kuta

Duk wanda ya tashi a wannan unguwa tamu ya san Kuta ba ta kan layin dogo. Tashar da ta fi kusa da mu ita ce ta Gwada, kuma ta nan iyayenmu suka riƙa fitar da doya da dawa zuwa Minna da Kaduna. Yau yaranmu sun fi sanin Gwada da kasuwa, ba da jiniyar jirgi ba. Shi ya sa muka ga ya kamata mu waiwayi yadda aka tsara wannan layi, wa ya biya kuɗinsa, kuma me ya kwantar da shi.

A 1907 Turawan mulki suka amince da shimfiɗa layi daga Baro, bakin kogin Kwara, zuwa Kano, zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne. Gwamnatin Arewa ba ta da kuɗi a lokacin, sai aka ciwo bashi da sunan gwamnatin Kudu. Burinsu auduga ce ta isa masaƙun Ingila. Layin ya isa Kano a 1911, amma sai manoma da 'yan kasuwar Kano suka rungumi gyaɗa, ita ta cika taragu. A 1912 aka haɗe hukumar wannan layi da ta layin Ikko, Minna ta zama mahaɗa.

Amma fa kuɗin Bature kaɗai bai shimfiɗa layin ba. Da gumin talakawa aka yi shi. An riƙa ɗibar mutane ta hannun sarakuna da dagatai a kai su haƙa da ɗaukar ƙasa, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Masu masaukinmu Gbagyi sun fi kowa ɗanɗana wannan a yankin nan. A 1909, ana tsakiyar aikin, mutanen Gussoro suka yi tirjiya har aka kashe wani jami'in Bature da 'yan sandansa, sojoji suka zo suka rama a kan garin. Mu da kakanninmu suka zo da fatauci da fawa da ɗinki, kada mu manta wannan. Hanyar da ta buɗe mana kasuwa, wasu da jininsu suka biya.

Kafin jirgi, Kuta ce babban gari a nan, har da sunanta Turawa suka kira gundumar. Da layi ya bi ta Minna, sai ofisoshi da kamfanonin sayen amfanin gona da baƙi suka karkata can. A shekarun 1950 Sarkin Kuta Ahmadu Bahago ya zama Sarkin Minna, a 1976 kuma Minna ta zama babban birnin Jihar Neja. Wato inda aka ja layi a takarda, nan arziki ya bi. Ba a tambayi kowa a Kuta ba.

An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya a 1955, kuma har bayan samun 'yancin kai jirgi ne motar talaka. Mun taso mun iske ƙarshen wannan zamani. Mace za ta shiga da kwandon doya a Gwada, ta sauka Minna ta sayar, ta koma gida. Fatake na loda buhuna a Sarkin Pawa. Daga baya kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta mai da hankali kan kwalta, tirela ta ƙwace kaya. Kawunan jirgi suka tsufa babu kayan gyara, katakon layi ya ruɓe, albashin ma'aikata ya riƙa makalewa. Ba rana ɗaya jirgi ya mutu ba. Rashin kuɗin gyara ne ya cinye shi a hankali, kamar gara a rufin ɗaki.

An yi yunƙurin farfaɗowa. Bayan gyaran tsohon layi, jirgin Ikko zuwa Kano ya dawo a Disamba 2012, kuma an yi wani lokaci ana jigilar fasinja tsakanin Minna da Kaduna a ƙaramin jirgi mai araha. Mun shiga, mun ga amfaninsa. Bai ɗore ba. A 2016 aka buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna mai faɗi, da bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasar Sin. Aiki ne mai kyau, sai dai bai bi ta kanmu ba, kuma harin 28 ga Maris 2022 ya nuna cewa jirgi ba ya tafiya inda babu tsaro. Mu a Shiroro da Munya ba sai an ba mu labarin wannan ba.

Abin da ya canza shi ne, a Maris 2023 an gyara tsarin mulki, jihohi suka sami ikon gina layin dogo da tafiyar da shi. Jihar Legas ta riga ta nuna hanya da jiragenta na cikin gari. Yanzu ba za a ce mana komai sai Abuja ba.

To me za mu nema? A ganinmu ba sabon layi na biliyoyi ne farkon buƙatarmu ba. Layi na nan kwance. Jirgi ɗaya mai tarago kaɗan, ya tashi Minna da safe, ya tsaya Gwada da Sarkin Pawa, ya dawo da yamma, da taragon kaya a bayansa, zai rage wa ɗalibi da ma'aikaci da mai doya kuɗin mota. Amma mu 'yan kasuwa ne, mun san buɗe shago daban, riƙe shi daban. Idan aka zo mana da alkawari, mu tambaya: nawa aka ware wa gyara kowace shekara a kasafin kuɗi? Jiha ce za ta cike giɓin tikiti ko hukumar jiragen? Wa zai tsare layin? Titin Kuta zuwa Gwada fa?

Kuma kada mu tafi mu kaɗai. Ƙungiyar 'yan kasuwarmu da manoman Gbagyi da masu sarauta su rubuta takarda ɗaya, a kai wa ɗan majalisarmu kafin a zauna kan kasafin kuɗi, ba bayan an gama ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1907 an ja layi ba a tambaye mu ba. Wannan karon, in an sake ja muna zaune, laifin namu ne. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.